Ina aka rubuta dokar wata ukun?

Ba sai na maimaita abin da ya faru a taron ƙungiyarmu na ranar Lahadi a Agege ba, tunda wanda bai je ba ma labari ya iske shi, kuma kowa ya san gidan da aka yi rasuwar. Abin da na gani shi ne an wulaƙanta ƙanin marigayi, an kuma tauye haƙƙin matar da ke zaune cikin takaba da yara, da wata doka wadda har yau babu mai iya nuna inda aka rubuta ta.

Ƙanin marigayin ya taso tun daga Ikorodu, ya sha cunkoson hanya, ya durƙusa gaban dattawa ya ce, "Baba Shugaba, taimakon da ake ba iyalan mamaci na zo nema, domin a mayar da su gida." Sai Ma'aji ya ce ai an canza tsari, duk wanda ya yi wata uku bai biya kuɗin wata ba, ba shi da rabo a asusu. Aka tambayi yaushe aka canza, aka ce bara. Aka tambayi inda aka sanar, aka ce a WhatsApp, Malam Sakatare ne ya yi saƙon murya. To, a kunna mana mu ji. Nan fa aka yi cirko-cirko. Dattijo ya ɗora tabarau yana ta jan waya da yatsa, ya wuce gaisuwar Juma'a, ya wuce hotunan ragunan sayarwa, ya wuce wa'azin da aka turo sau bakwai, har aka kira la'asar ba a ga saƙon ba. Daga baya Malam Sakatare ya tuna cewa wayar da ya yi saƙon da ita an zare masa ita a Oshodi. Madalla! Ke nan tsarin mulkin ƙungiyarmu yana aljihun wani ɓarawo a ƙarƙashin gada, sai mu naɗa wakilai su je su roƙe shi ya karanta mana sashen da ya shafi marayu.

Ni ban ce Malam Sakatare ƙarya ya yi ba, kuma ina kyautata zaton ya aika saƙon. Maganata ita ce saƙon murya ba ya zama doka. Wanda ya aika shi yana iya goge shi daga wayar kowa idan bai daɗe da aikawa ba. WhatsApp ɗin kansa yana da tsarin da saƙonni ke ɓacewa bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, kuma da yawanmu ba su san ko an kunna shi ba. Wanda ya canza waya bai yi ajiyar saƙonninsa ba ya yi asarar komai. Ranar 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram sun tsaya cak kusan awa shida a duk duniya. A kan wannan abu ne muka ɗora haƙƙin gwauraye da marayu, sannan muke mamaki idan rigima ta tashi.

An ce mini mutanenmu ba su yi boko ba, shi ya sa murya ta fi. Wannan uzuri ya tsufa. Mutumin da zai gane saƙon banki na bogi tun kafin mai saye ya juya baya, ba za a ce layi uku na Hausa sun gagare shi ba. Wanda bai iya boko ba ya iya ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba yana da ɗa ko maƙwabci. Lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, masu karatun boko ba su da yawa, amma mutum ɗaya kan karanta jama'a su saurara, kuma takardar tana nan ga mai son komawa. Ban hana saƙon murya ba. A rubuta tukuna, a sa kwanan wata, a sa hannu, sannan wani ya karanta abin da aka rubuta cikin murya ya aika.

Wani kuma ya kira ni cikin dare yana cewa, "Haba Malam, amana ce tsakaninmu, rubutu ai alamar rashin yarda ne." Na ce masa ya buɗe Suratul Baƙara, aya ta 282, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ya ga abin da aka umurci muminai da shi a kan bashi: a rubuta, a kafa shaidu, ƙarami ne ko babba. Idan aka ce wa sahabbai su rubuta, ban san wace amana muke da ita a Legas wadda ta fi tasu ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san dalilin da ya sa marigayi ya gaza biya. Ɗan acaba ne, kuma shekara da shekaru yana cikin masu fara kawo kuɗin wata. Da gwamnatin jiha ta hana acaba daga ranar 1 ga Yunin 2022 a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Lagos Mainland da Lagos Island da Apapa, ta kuma ƙara Kosofe da Oshodi-Isolo da Shomolu da Mushin a watan Satumba, sana'arsa ta mutu. Ya sayar da babur ya koma dako, ga ciwo ya zo ya kwantar da shi. Da ya san da dokar wata uku, wallahi da ko bashi ne ya ci ya biya, domin mutum ne mai tsoron barin iyalinsa a hannun mutane. Kuma ku duba, ko me muke ji game da waccan doka ta gwamnati, an rubuta ta da rana da sunayen ƙananan hukumomi, shi ya sa nake iya kawo muku ita yau babu gardama. Tamu ta bara kuwa mutum uku kowa ya ba da nasa kwanan wata daban.

A kamfanin da nake aiki a Apapa, ko lokacin tashi aka canza da rabin awa, sai an fitar da takarda mai lamba da sa hannu, an manna ta a allo, an kuma ajiye kwafi inda sabon ma'aikaci zai iya karantawa. Babu wanda ya taɓa cewa an raina shi saboda haka. Mu ma littafi ɗaya mai bango ya ishe mu, da allo a ofis, da hoton kowane shafi a hannun mutum uku. Kafin a yi wannan, ina roƙon Baba Shugaba da ya sa a biya iyalan nan kuɗinsu cif, domin dokar da ba a iya nunawa ba ta hau kan mamaci.

Af, wannan ya tuna mini da tsohon sakatarenmu, Allah ya jiƙansa, wanda yake da wani baƙin littafi da yake ɗaurewa da roba, duk cikinsa ajami, har kuɗin tabarmar da aka saya a shekarar farko yana ciki. Na ji an ce da aka tashi daga tsohon ofis an zuba shi cikin buhu tare da fitilu da lasifikar da ta lalace. Duk wanda buhun nan yake ɗakinsa, don Allah ya neme ni kafin damina ta sauka.