Dilip Kumar ya tsufa a gaban kyamara, mu kuma muna ɓoye tsofaffinmu

Daren Juma'ar da ta wuce na je gaishe da Baba a Tudun Wadar Zariya. Na tarar an kawo wuta, jikoki sun cika falo suna kokawa a kan rimot. Da suka ishe shi ya kora su wajen Hajiya, ya juyo ya ce min, "Kai, a wayar nan taku ana samun Shakti?" Na ce bari in duba. Na lalubo shi, na haɗa da talabijin, muka zauna mu biyu, shi a kujerarsa da ba wanda ya isa ya hau, ni a ƙasa kan darduma.

Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ya ce ya fara ganin fim ɗin nan a silima a Sabon Gari, a kan benci, sama ba rufi, lokacin ina goye. Ba ya jin Indiyanci, amma kafin mutum ya buɗe baki ya riga ya faɗa min abin da zai ce. Haka 'yan zamaninsu suke, sun haddace fim da ido.

Ga waɗanda ba su san shi ba: Shakti ya fito a 1982. Ramesh Sippy ne ya ba da umarni, wanda ya yi Sholay a 1975, labarin kuma na Salim da Javed ne. Dilip Kumar ya fito a babban ɗan sanda mai suna Ashwini Kumar, Amitabh Bachchan ya fito a ɗansa Vijay. Tun Vijay yana yaro 'yan fasa-ƙwauri suka sace shi, suka buga wa uban waya cewa ya saki mutuminsu da ke tsare ko su kashe yaron. Uban ya ce su yi abin da za su yi, shi ba zai ci amanar aikinsa ba. Yaron yana ji. Ya kuɓuta, ya dawo gida, amma maganar nan ta zauna masa a rai, ya girma da ita, har ta kai shi ga zama yaron irin mutanen da ubansa yake farauta. Uwar kuma, wadda Raakhee ta fito a ita, tana tsakiya, miji ta nan, ɗa ta can.

(Abin dariya, Raakhee ta 1947 ce, Amitabh na 1942. Uwa ƙanwar ɗanta. Indiyawa ma ba su cika yi wa mata adalci a wannan fannin ba, mace tana haura talatin sai a shafa mata furfura. Amma wannan zance ne na wata rana.)

Abin da ya hana ni barci ranar shi ne wannan. A 1982 babu wanda ya kai Amitabh tashe a Indiya. Shekararsa arba'in, dogo, murya kamar tsawa, ko a nan Zariya yara da sunansa suke wasan dambe. Aka haɗa shi da mutumin da ke dab da sittin, jiki ya yi nauyi, ba rawa, ba tsalle, ba budurwa. Kuma duk inda suka tsaya tare, idonka sai ya zame ya koma kan tsohon. Ba ya ɗaga murya. Sai ya fara magana, ya tsaya a tsakiya, ya kalli ƙasa, ya haɗiye wani abu, sannan ya ƙarasa a hankali har sai ka matso. Kyautar Filmfare ta gwarzon jarumi ta fim ɗin shi ta zo wa, ita ce ta takwas kuma ta ƙarshe da ya samu, alhali shi ne mutum na farko da aka taɓa ba wa ita a 1954. Masoyan Amitabh da yawa sun ji haushi, suna cewa an danne musu gwani. Fim ɗin ma bai yi kasuwa irin ta Sholay ba. Ni dai a ganina ba danniya aka yi ba, Amitabh ya san gaban wa yake tsaye, ya rage wuta da kansa, kuma yana cikin wasanninsa mafi kyau saboda haka.

Wani abu kuma, mun yi sa'a wanda muka samu ba mai fassarar Hausa ba ne. Ba na raina masu fassara, sun kai fim ɗin Indiya har ɗakin kakata. Sai dai ba sa iya barin shiru. Duk inda jarumi ya yi shiru sai su cusa barkwanci ko karin magana. Wasan Dilip Kumar kuwa rabinsa a cikin shirun yake, idan ka cike gurbin ka zubar da miyar ka bar tuwo gaya.

Mutane suna ɗauka tun asali haka yake, dattijo mai kwarjini. Ina! Sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, an haife shi a Peshawar a Disambar 1922, tun kafin a raba Indiya da Pakistan. Ya fara fim a 1944. Shi ne saurayin da soyayya take kashewa a Devdas na 1955, shi ne Yarima Salim da ya yi wa ubansa Sarki Akbar tawaye saboda baiwa Anarkali a Mughal-e-Azam na 1960, shi ne Ganga a Gunga Jumna na 1961, wanda iyayenmu har yau suke ba da labarinsa kamar a unguwarsu aka yi. Ku lura da yadda duniya ta juya: a 1960 shi ne ɗan da ke tsaye gaban uba mai taurin kai, bayan shekara ashirin da biyu shi ne uban.

Tsakanin nan kuma ya sha ƙasa. Da Rajesh Khanna ya taso a ƙarshen shekarun 1960, Amitabh ya biyo baya daga 1973, finafinan Dilip Kumar suka daina ja. A Bairaag na 1976 har mutum uku ya fito, uba da 'ya'ya biyu, yana da shekara hamsin da uku yana wasan saurayi. Bai karɓu ba. Nan ne ya yi abin da nake girmama shi a kai: ya ja jiki. Shekara biyar ba a gan shi a sabon fim ba. Da ya dawo a Kranti a 1981, da furfurarsa ya dawo. Daga nan Vidhaata da Shakti a 1982, Mashaal a 1984, Karma a 1986, Saudagar a 1991 inda suka haɗu da Raaj Kumar, tsofaffi biyu suna huci a kan juna, silima tana cika.

Duk wanda ya ga Mashaal ba zai manta wurin nan ba: tsakar dare, matarsa tana murƙususu a bakin titi, shi yana tare motoci yana roƙo, kowa yana wucewa, har ta cika. Saurayi ba zai iya wannan wasan ba ko ya fi kowa iyawa. Sai mutumin da idan ka dube shi za ka ga shekara talatin na zaman aure a fuskarsa.

Ba zan ce bai taɓa kuskure ba. Fim ɗinsa na ƙarshe, Qila na 1998, da bai yi shi ba da ya fi masa. Amma mutumin da ya yi shekara hamsin da huɗu a sana'a, finafinansa ba su wuce sittin da 'yan kai ba, ai ya san kalmar a'a. Ko rawar Sharif Ali a Lawrence of Arabia an yi masa tayi ya ƙi, ta faɗa hannun Omar Sharif. Ya rasu a Yulin 2021 yana da shekara 98. Amitabh ma hanyar ya bi daga baya: ya yi ta naci da jarumta har ƙarshen shekarun 1990, kasuwa ta juya masa baya, bashi ya taso, sai da ya yarda ya saki farin gemu a Mohabbatein a 2000 sannan ya farfaɗo. Baghban na 2003 kuwa, wace uwa ce a Arewa ba ta yi kuka a kansa ba?

To, mu dawo gida, don nan ne ciwon yake.

Mun kwaso rawa da waƙa daga Indiya, mun kwaso soyayyar mutum uku, mun kwaso har yadda ake kewaya bishiya. Abu ɗaya muka bari a can: yadda ake rubuta wa tsoho labari. A yawancin finafinanmu aikin dattijo uku ne. Ya zauna a tabarma da carbi ya ce "Allah ya yi miki albarka." Ko ya buga sanda ya ce "ba za ki auri yaron nan ba in dai ni na haife ki." Ko ya yi tari sau biyu ya mutu a minti na goma don a samu rigimar gado. Ba a tambayar me yake tsoro, wa ya taɓa so, wane laifi yake ɓoyewa, me ke hana shi barci. Kayan ɗaki ne, kamar labule.

Kada wani ya ce min ba mu da 'yan wasan. Mu a Zariya ba za a gaya mana wannan ba. Garin da Abubakar Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, garin da ake koyar da wasan kwaikwayo a Samaru tun kafin a haifi yawancin daraktocin yau, garin da ya haifi Kasimu Yero. Wanda ya gan shi a Magana Jari Ce ko Karambana, ko a Cock Crow at Dawn da Turanci, ya san mutum ne da zai iya riƙe fim shi kaɗai da ɗaga gira. Ya rasu a 2017. Ku faɗa min tsakani da Allah, a shekarunsa goma na ƙarshe, wa ya zauna ya rubuta labari musamman dominsa, yadda aka gina Shakti a kan Dilip Kumar? Irinsa nawa suka tafi da abin da ke cikinsu ba a tatsa ba?

Da dattijuwar 'yar fim Ladin Cima ta yi hira da BBC Hausa a 2022 ta yi maganar ɗan abin da ake sallamarta da shi, gari ya ɗauka, aka yi ta musu a kan dubu nawa ne, wasu suka gaskata, wasu suka ƙaryata. Ni abin da ya fi damuna ba a taɓo shi ba. Kuɗin fitowa biyu ake ba ta saboda fitowa biyu aka rubuta mata. Wanda aka ba rawar labule, kuɗin labule zai karɓa. Gyaran daga alƙalami zai fara.

Na san amsar furodusoshi, na sha jin ta: matasa ne ke kallo, su kuma fuska sabuwa suke so. Ban yarda ba. Matashin nan da uba yake kwana a gida ɗaya. Rigimar da ta fi cin ransa ba ta budurwa ba ce, ta tsohon nan ce da bai taɓa ce masa "ka kyauta" ba. Su ma jarumanmu da suka haura hamsin suna da nasu laifin. Baƙin shuni a gemu, hula a karkace, ana bin yarinyar da ta yi sa'ar 'yarka a cikin lambu. Wallahi furfura ba ta kashe kasuwa, rashin labari ne ke kashe ta.

Kuma idan akwai mutanen da labarin Shakti ya fi dacewa da su, mu ne. Ni ɗan fari ne. Shekarata arba'in da biyar, ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Kai" ne, ko ya ce wa ƙanwata "kira min yayanki." Alkunya ce, na sani, haka aka yi masa shi ma. Amma yaro ba ya gane alkunya, abin da kunnensa ya ji shi yake riƙewa. Ashwini Kumar yana son ɗansa kamar ransa, bai iya faɗa ba ne kawai, ɗan kuma ya gina rayuwarsa gaba ɗaya a kan jimla ɗaya da ya ji a waya. Gidaje nawa ne haka daga Ƙofar Doka zuwa Kwarbai? Wannan labarin namu ne tun kafin Indiyawa su ɗauke shi, kuma muna da tsofaffin da za su yi shi ba tare da an koya musu ba.

A cikin fim ɗin akwai wurin da aka kashe uwar. Aka kawo Vijay daga tsare ya ga gawa. Uban yana zaune a gefe, ya zama kamar an zare masa laka. Ɗan ya zo ya durƙusa kusa da shi, ya kama hannunsa. Ba wanda ya ce uffan, hawaye kawai. Na saci kallon Baba, na ga carbinsa ya tsaya a hannu, bai ja ba.

A ƙarshe uban ne da kansa ya harbi ɗan a filin jirgi. Vijay yana kwance a jikinsa yana cewa ya yi iya ƙoƙarinsa ya cire son uban daga zuciyarsa ya kasa. Uban ya ce shi ma yana sonsa. Ɗan ya tambaye shi, to me ya sa bai taɓa faɗa ba.

Rubutu ya fara hawa. Baba ya yi gyaran murya, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Na miƙe na cire waya, na ce, "Baba, zan koma, dare ya yi."

Ya ce, "To. A gaida su."

Har na kai zaure ina neman takalmi a duhu sai na ji sandarsa a bayana. Ya haska min tocila, ya nuna wani buhu a jingine da bango.

"Kai. Masarar nan ta gonar Giwa ce. Ɗauki ka kai wa yara. Kuma ka bi ta PZ, hanyar can ba fitila."