Malam, Aji Nawa Kake?

Ina tsaka da naɗin wayar wata fanka a shagona na Bolari 'yata ta miƙo mini takarda mai shafi biyu. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Mamana nake ce mata, tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Ta ce, "Baba, gasar kimiyya za a yi ta makarantun shiyyarmu, an ce sai uba ya sa hannu." Na goge baƙin mai a gefen riga, na rattaba hannu a ƙasa. Karantawa kuwa, mutumin da ya shekara ashirin yana farke cikin janareta, me takarda za ta gaya masa game da kimiyya? A bayanta ma na rubuta bashin da nake bin wani mai shayi.

Da daddare na tambaye ta abin da za ta kai. Ta ce zoɓo. Na ce zoɓon sha? Ta fara bayani, na katse ta. 'Yar mai gyaran lantarki guda ta shiga gaban jama'ar Gombe da gorar zoɓo kamar mai talla a Tashar Dukku? Na ce ta bar mini komai.

Akwai wani mataccen firij da ya shekara uku a bayan shago, shi na mayar injin ƙyanƙyasa. Na sa ƙwan lantarki biyu, na ɗaura 'yar fankar kwamfuta, na ajiye kwanon ruwa saboda danshi, na sayo ma'aunin zafi a kemis. Ƙwan kaza yana son zafi wajen digiri 37.5, kwana 21 cur, ana juya shi sau uku ko fiye a rana kamar yadda uwar take yi da baki, a daina juyawa a kwana na 18. Ƙwan gidan gona ba ya ƙyanƙyasuwa tunda kajin ba su san zakara ba, saboda haka sai da na aika Kumo wajen yayata ta tattaro mini talatin na kajin gida. Na zauna da kalanda na ƙirga baya, na zuba su a ranar da za ta sa su fashe daidai safiyar gasa. Ina hango alƙalai sun miƙe tsaye suna tafi.

Sai ɗauke wuta ta ce ga ni nan. Duk daren da aka ɗauke sai in kunna fitilar ƙwai in cusa a ƙasan firij, in zauna ina gadin ma'auni. Ƙarfe biyun dare ina tsugune ina juya ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ko da na haifi Mamanka ba ka yi wannan zaman jegon ba." Ita kuwa yarinyar, kullum bayan la'asar tana bakin murhu da kofunan roba da wani littafi mai fallaye arba'in tana rubuce-rubuce. Na ɗauka aikin gida ne.

Ranar gasa tun kiran assalatu na ji tsiyak-tsiyak. Lissafina bai kuskure ba. Firij ya ƙi shiga Keke Napep, na ɗauki hayar a-kori-kura, na hau baya na rungume shi, babbar rigata ta sallah tana kaɗawa, fitila na ci a ciki don kada 'yan tsaki su yi sanyi.

A ƙofar zauren wata malama ce zaune da tebur, ga rajista, ga tef irin na tela. Ta dubi firij, ta dube ni, ta miƙe ta auna. Ta ce kowane aiki sai ya zauna a kan teburin ɗalibi, wannan kuwa ko an kwantar da shi ya fi teburin. Na ce a ajiye shi a ƙasa, ai ƙasa ta Allah ce. Ta shaƙi iska ta ce, "Kananzir nake ji?" Ba a shiga da wuta. Na hure fitila da sauri, na ce to a nuna mini soket. Ba a jona komai a bango, batir kaɗai aka yarda da shi. Ina shirin ba ta labarin illar sanyi ga ƙwai, sai mutanen ciki suka amsa da kansu. Ta kasa kunne. Ba a shiga da abu mai rai.

Har nan ban karaya ba. Abin da ya kayar da ni bakina ne. Ta juya ga yarinyar ta ce, "Wa ya haɗa wannan?" Kafin Mamana ta motsa leɓe na buga ƙirji na ce, "Ni, Malama, da hannuna, ko ƙusa ɗaya ban bari ta taɓa ba." Malama ta gyara gilashi, ta buɗe rajista, ta ɗaga biro, cikin ladabi ta ce, "To Malam, aji nawa kake?"

Iyayen da ke layi suka tuntsire. Ta zaro kwafin takardar nan ta karanta mini a hankali: gasar ta ɗaliban sakandaren shiyyar ce, mutum ɗaya ko rukunin da bai wuce uku ba, da malami mai sa ido, da littafin da ɗalibi ya rubuta gwajinsa rana-rana. A layi na huɗu aka ce iyaye iyakarsu sayen kaya. Sannan ta ɗora yatsa a ƙasa, inda aka rubuta cewa na karanta kuma na amince, ga sa hannuna ɓaro-ɓaro har da shatin baƙin mai.

Na ce ko ba a karɓa ba, bari dai ta ga aikin. Ina buɗe ƙofar firij goma sha ɗaya suka zubo. Waɗansu suka yi ƙarƙashin tebura, ɗaya ya miƙe sak wajen wasu yara da suka gina madatsar Dadin Kowa da kwali da laka, ya hau kan gadar ya fara shan ruwan dam ɗin. Na bi su da rarrafe, ina tara su cikin hulata, wani ɗan aji ɗaya yana ce mini, "Baba ga wani can a bayan duniyar Mas." Daga nan aka raka ni gindin darbejiya da kwalin taliya a cinya.

Ta taga na hango Mamana tana fito da kayanta daga jaka. Ashe tun farko zoɓon ta rubuta wa malaminta, firij ɗina bai taɓa shiga rajista ba. Ta jera kofuna, ta zuba jiƙon zoɓo marar sukari. Ta matsa lemon tsami a ɗaya, ya ƙara ja wur. Ta ɗiga ruwan kanwa a wani, ya rikiɗe ya yi duhu ya koma kore-kore. Ta gwada ruwan toka, ta gwada tsamiya da garin sabulu, tana nuna wa alƙalai cewa launin zoɓo da kansa yake tona abin da ke da tsami da abin da ke ɓangaren kanwa, dalilin da ya sa uwarta ke jefa kanwa a miyar yakuwa ta kashe tsaminta. Suka fi minti goma suna juya littafin nan mai fallaye arba'in. Kuɗin kayan aikinta duka bai kai abin da na ba direban a-kori-kura ba. Ta zo ta biyu.

Yanzu a layinmu ba mai kirana da sunana, yaran masu walda ma Aji Nawa suke ce mini. Shekaranjiya aka aiko da takardar zagaye na gaba, na jiha. Ina zaune a tsakar gida na miƙa hannu, ta ratse ni ta kai wa uwarta. Na ce ko ɗan katakon jera kofuna in ƙera mata, mai 'yar fitila a sama. Ta ce, "Baba, layi na huɗu."