Ruwa kore ne

Kwana uku aka yi ana horar da mu a Yamai, na dawo Damagaram ina jin kaina kamar ɗan makarantar allo da ya yi sauka. Malamin ya ce Eisenhower, wanda ya mulki Amurka daga 1953 zuwa 1961, yakan bambanta aiki mai gaggawa da aiki mai muhimmanci. Mutum shida nake shugabanta a biro ɗinmu, amma na ga ba abin da ya raba ni da shi sai fadar White House.

Litinin da safe na kafa allo, na ajiye alƙaluma uku da na sayo a kasuwar Dole. Ja, yau ɗin nan ko da za a kwana. Ɗorawa, cikin mako. Kore kuwa, in Allah ya kai mu. Na ce kowa ya rubuta aikinsa da launin da ya dace.

Kafin azahar allo ya yi kamar an yanka sa a kansa. Mai lissafi ja, direba ja, har labulen tagar sakatariya ja. Na ce, "Hajiya, labule fa?" Ta ce, "Shugaba, ranar da ke dukan ƙeyata ba ta jiran mako." Sai na ƙirƙiro sabon mataki, ja mai tauraro. Zuwa washegari kowa ya yi tauraro. Direba ma biyu ya zana, ya ƙara da jinjirin wata.

Na tattara alƙaluma na kulle, na ce daga yau ni kaɗai ke ba da launi. Ina duƙe kan rahoton da manyanmu za su zo dubawa, sai ga Baba mai gadi. "Ranka ya daɗe, famfo kwana huɗu bai zo ba, tanki ya kusa ƙasa. A kira ƴan garuwa." Ko kai ban ɗaga ba. Na ce, "Baba, rahoto ne ja. Ruwa kore." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To." Ni haifaffen Birni, wanda ya girma yana bin layin famfo da asuba, ni ne na sa ruwa a kore, a watan Afrilu kuma.

Alhamis baƙi suka iso, sun sha tafiyar kusan kilomita 900, leɓe ya bushe. Na miƙa rahoto da hannu biyu, bangonsa na ƙyalli. Babban cikinsu ya ajiye shi gefe, ya nemi buta zai zagaya ya yi alwala. Na ɗaga butar, sakayau. Na murɗa kan tanki, ya yi mini atishawa.

"Baba! Ruwa!"

Baba ya taka a hankali har gaban allo, ya ɗora yatsa. "Ranka ya daɗe, kore ne. Ka ce in Allah ya kai mu."

Ga shi ranar kasuwa, ƴan garuwa duk sun yi can. Haka na naɗe babbar rigata mai sitati, na haye bayan kabu-kabu rungume da jarka biyu. Kafin mu dawo rabin ruwan ya ƙare a jikina, wani yaro a Zango har yana tambaya ko nawa nake sayarwa.

Juma'a na iske an buɗe aljihun teburina. An zagaye "ruwa" da ja da taurari uku. Can ƙasan allo kuma, da koren alƙalami, wani ya rubuta: wankin rigar Shugaba.