Hanta, gashi da abin da aka gano a jikin birai

Makon jiya a majalisarmu ta Aboabo, nan Kumasi, an daɗe ana muhawara a kan wani ƙanen mahaifina da likitoci suka ce sai an yi masa gashi, wato magani da hasken radiyeshan, saboda ƙari a ciki, shi kuwa ya ninke takardar asibitin ya tura ta cikin aljihun babbar riga, ya ce ba zai kai kansa a ƙona masa hanta ba. Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba, domin kalmar gashi kanta tana tuna wa mutum tsire a kan garwashi, amma a ganina tsoron Baba ya sauka inda bai dace ba.

Gaskiya ne hasken radiyeshan yana iya lahanta hanta. Ainihin ƙwayoyin hanta ba su cika rabuwa ba, saboda haka waɗanda ke fara jin jiki su ne siraran ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin ƙananan hanyoyin jininta. Idan suka lalace hanyoyin kan toshe, jini ya taru, hanta ta kumbura, ciki ya cika da ruwa, kuma wannan yakan bayyana ne daga makonni biyu zuwa watanni huɗu bayan gashin, daga bisani tabo ya maye gurbin lafiyayyen nama. Ɓeraye ba sa nuna wannan toshewa yadda ɗan Adam ke nunawa, shi ya sa masu bincike a Amurka suka koma kan birai, waɗanda hantarsu ta fi kusa da tamu, suka kuma ga cutar ta fito a jikinsu da aka kai hasken wani ma'auni mai yawa. Raina ba ya kwanciya da abin da ake yi wa dabbobin nan, sai dai daga nan ne aka ƙara fahimtar cewa yawan hasken da faɗin wurin da ya taɓa su ne ke yanke hukunci.

Likitocin gashi, irin na asibitocin Komfo Anokye da Korle Bu, sun san cewa idan hanta gaba ɗayanta ta sha fiye da kimanin Gray 30 (Gray shi ne ma'aunin hasken da jiki ya sha) haɗari na ƙaruwa, don haka ake auna komai, a rarraba shi kwana-kwana, a saita hasken kan ƙarin. 

Abin da ya fi damuna shi ne hantar da ta riga ta gaji kafin a zo maganar gashi. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Ghana, yana zaune a jikin mutane shekara da shekaru ba su sani ba, kuma hantar da ya ci ba ta jure abin da lafiyayya ke jurewa. Gashin ma yana iya tayar da ƙwayar cutar idan ba a fara shan magani ba. Ga kuma gyaɗa da masara masu fumfuna, ga jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a kwalabe a bakin tasha ba tare da sanin abin da ke ciki ba.

Na roƙi Baba ya yi gwajin jini tukuna, ya kuma kai wa likita kwalbar jiƙon da yake sha safe da yamma. Jiya ɗansa ya shaida mini takardar tana nan a aljihu, amma an yarda a je gwajin ranar Litinin.