Maganin likita daban, ƙwaya daban

Jama'a, a garin nan na Kano idan ka ce kana shan magani kullum da safe don hankalinka ya tsaya wuri ɗaya, nan take kallon da ake maka zai canja. Ban ga laifin kowa ba. Mun ga abin da tiramol da kodin suka yi wa samarinmu har da matan aure, shi ya sa gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Amma wannan tsoron yana danne mu masu larurar ADHD, wato matsalar kasa tsayar da hankali wuri ɗaya da kasa zama a natse.

Larurar ba ta yara kaɗai ba ce. Tun ƙuruciya take farawa, likitoci ma sai sun ga alamunta kafin shekara 12, kuma da yawa muna girma da ita. A islamiyya cewa ake kaina na rawa. Da na girma, sai in buɗe littafin bashi a shago tun azahar, a kira la'asar ban haɗa lissafin mutum ɗaya ba, ga mai saye a tsaye na manta kalar atamfar da ya ce.

Methylphenidate nake sha, wanda aka fi sani da Ritalin, maganin da likitoci ke rubutawa tun shekarun 1950. Aikinsa shi ne ya sa sinadarin dofamin, mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, ya daɗe tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. A adadin da likita ya rubuta min, ba maye nake ji ba, natsuwa ce: ina iya sauraren Hajiyarmu har ta kai ƙarshen zancenta.

Yana da nasa nauyin, wallahi. Abincin rana sai in kalle shi kawai. Idan na sha da yamma, barci ya tafi ke nan. Dole a riƙa auna hawan jinina da bugun zuciya, kuma kafin azumi sai mun zauna da likita an gyara lokacin sha. Ga wahalar samu: ka zaga kemis-kemis da takardar likita a hannu, wani ya ce babu, wani ya bi ka da ido.

Wani ɗalibi ya roƙe ni ƙwaya ɗaya saboda jarrabawa, na hana shi, don ban san lafiyar zuciyarsa ba. Na ce in yana zargin larurar, ya je sashen likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano a duba shi.