Hali zanen dutse ne, ko icce ne da ake tanƙwarawa?

Bahaushe ya ce hali zanen dutse ne, ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi ɗin ne kuma ya dawo ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, zama da maɗaukin kanwa kuwa shi ke kawo farin kai. Mutane kan ɗauki wanda ya yi musu daɗi a cikin waɗannan maganganu. Idan ɗan maƙwabci ya lalace, a ce uwarsa ce ba ta iya tarbiyya ba. Idan ɗan gida ne, a ce jinin dangin wane ne ya biyo. Ra'ayina shi ne muna wahalar da kanmu wajen sauya abin da ba ya sauyuwa sosai a jikin yaro, muna kuma sakaci da 'yan abubuwan da ke iya rusa shi gaba ɗaya.

Hujja mafi ƙarfi a wannan fage daga tagwaye take fitowa. Tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda ƙwai ɗaya ne ya rabu biyu, ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne sak. Akwai kuma waɗanda ƙwai biyu ne daban, gadon da suka haɗa kimanin rabi ne, kamar kowane wa da ƙani. Idan Hassan da Husaini na ƙwai ɗaya suka fi na ƙwai biyu kama a wajen fushi ko fara'a, alhali duka a ɗaki ɗaya suka tashi, to wannan ƙarin kamar daga gado ta zo. A 1979 Thomas Bouchard na Jami'ar Minesota a Amurka ya ƙara gaba, ya shiga neman tagwayen da aka raba tun suna jarirai, kowanne ya tashi a gidan da bai san ɗaya ba. Ya tarar halayensu sun yi kama kusan kamar na waɗanda suka tashi tare. A 2015 aka haɗa binciken tagwaye na shekara 50, tagwaye sama da miliyan 14, aka samu cewa a kan matsakaici gado ne ke bayanin kashi 49 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane a siffofinsu. A kan ɗabi'a kaɗai, lissafin yakan tsaya wajen kashi 40.

A nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Kashi 40 ba ya nufin kashi 40 na halin ɗanka daga gare ka yake, sauran daga unguwa. Lissafi ne na bambanci tsakanin jama'a masu yawa. Ɗauki tiya guda ta irin gero gauraye, ka shuka rabi a gona mai taki, rabi a faƙo. A cikin gona mai taki, bambancin tsawon kara daga iri yake, tunda kowane tsiro ya samu abin da yake so. Amma bambancin da ke tsakanin gonakin biyu, ba ruwan iri, ƙasa ce. Galibin waɗannan bincike a Turai, Amurka da Ostareliya aka yi su, a gidajen da kusan babu yaron da ke kwana da yunwa. Wanda ya kwaso sakamakonsu ya ɗora a kan yaron da tamowa ta kama yana ɗan wata 10 ya yi kuskure.

Wani abin da ya ba masana mamaki shi ne yaran da ba dangin juna ba, da aka riƙe a gida ɗaya tun suna ƙanana, idan suka girma ba sa kama da juna a ɗabi'a sai kaɗan. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki sosai ba. Ɗan fari da uwa ke yi wa kunya, auta da ake shagwaɓawa, ɗan riƙo, da wanda aka kai wa kaka yaye aka bar shi can, duk ana ce musu 'yan gida ɗaya, amma kowa da gidan da ya tashi a ciki. Shi ma yaron yana da hannu. Jariri mai yawan murmushi ana rige-rigen ɗaukarsa, mai rigima kuwa kowa miƙa shi yake yi. Wato gadonsa ne ke jawo masa irin mu'amalar da yake samu.

To ina tarbiyya take aiki? Na farko, wajen daidaita riƙo da yanayin yaro. Jerome Kagan na Jami'ar Habad ya gwada jarirai 'yan wata 4 ta hanyar nuna musu sababbin abubuwa da sauti. Kimanin ɗaya cikin biyar sukan sandare, su yi ta harba ƙafafu da kuka. Waɗannan ne suka fi zama masu ƙiwuya da tsoron baƙo daga baya, amma ba dukansu ba. Kuskure biyu ake yi da irin wannan yaro. Ko dai a tura shi da ƙarfi gaban baƙi ana yi masa dariya ana kiransa matsoraci, tsoron ya ƙara kama shi, ko kuma a riƙa ɓoye shi a bayan zane, har ya girma bai taɓa gane cewa tsoro yana zuwa ya wuce ba. Abin da ke aiki shi ne bi da bi. A faɗa masa tun kafin a fita ina za a je, wa za a gani. A bar shi ya yi 'yan mintuna yana kallo daga jikin uwarsa kafin a ce ya gaida kowa. A fara da abokin wasa ɗaya a gida, ba taron suna ba. In ya saba, a aike shi shagon da ke ƙofar gida, ana hangensa. Ba zai koma sarkin surutu ba, kuma ba dole ne ya koma ba.

Mai ƙiriniya da rawar kai nasa daban ne. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a gajarce, ido cikin ido. Lokacin barci da na abinci su tsaya. Idan aka ce za a hana shi wani abu in ya saɓa, a hana nan take, kuma ya zama abin da za a iya cikawa kullum. Abin da ke ɓata wannan shi ne yau uba ya hana, gobe kaka ta bayar. Bulala kan kawo shiru na ɗan lokaci, shi ya sa ake ganin tana magani, amma wani nazari na 2016 da ya tattara bayanan yara sama da 160,000 ya nuna yaran da ake duka sun fi yawan faɗa da taurin kai daga baya. Gaskiya ne yaro mai wuyar sha'ani ya fi jawo duka tun farko, sai dai nazarin bai ga inda dukan ya mayar da shi mai sauƙin kai ba.

Na biyu, kuma shi ne babba, kare yaro daga faƙo. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a 1989, duniya ta ga gidajen marayu inda jarirai ke kwance a gadajen ƙarfe ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu magana. Masu bincike a Bukarest, babban birnin ƙasar, sun bi yara 136 daga irin waɗannan gidaje, aka ba da rabinsu riƙo ga iyalai. Waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2 sun fi farfaɗowa a fahimta da shaƙuwa da mutane. Babu irin gadon da zai tsiro da kyau a wannan hali. Mu ma mun ga namu. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage fahimta da iya danne zuciya, kuma ɓarnar ba ta komawa. Yaron da ya tsira, in ya girma da saurin fushi, sai ka ji ana cewa halin kakansa ne.

Saboda haka kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara 2, sun fi duk wata nasihar da za a yi wa matashi nauyi. Mai ciki ta je awo, ta sha ƙwayar ƙarin jini. Gishirin miya ya zama mai sinadarin aidin, a rufe shi, a nisanta shi da rana da laima. Nono zalla wata 6, sannan kunu mai gyaɗa ko waken suya, da ƙwai in da hali. Zazzaɓi mai zafi da jijjiga asibiti ake kai shi a ranar. Ba a niƙa dutsen ma'adini ko fasa tsohon batir inda yara ke rarrafe. Kuma a riƙa yi wa jariri magana ana amsa gwarancinsa, ko a goye yake ana tuƙa tuwo.