An kayar da ni a majalisar mai shayi

Rubutun nan na dimokuraɗiyya da na ishe ku da zancensa, ranar 12 ga Yuni na fito da shi. Uwargida ce ta zuga ni. Ta ce, "Baban yara, kundin tsarin mulkin 1999 ma har yau kwaskwarima ake yi masa. Kai shi a haka mana." Bayan isha'i na nufi majalisa, na ce a haɗa wa kowa shayi da burodi, a kaina.

Na fara da zaɓen 1993, yadda Abiola na SDP ya kayar da Bashir Tofa na NRC har a Kano, gidansa, sannan Babangida, wanda ake wa laƙabi da Maradona, ya soke zaɓen. Murya ta fara zama, har na miƙe tsaye. Ina cewa "talaka shi ne alƙali", sai Baba na ƙarshen benci, wanda kullum sai ya tuna mana ya ga Malam Aminu Kano ido da ido a taron PRP, ya yi gyaran murya.

"Malam, shafi nawa ya rage?"

Na ce tara.

"To, tunda talaka ne alƙali, a kaɗa ƙuri'a. Masu son ya ci gaba?"

Tsit. Sai ƙarar risho. Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsoma hanci a kofi, kofin da ni zan biya. Can yaron mai shayi ya ɗaga hannu, har zuciyata ta yi sanyi, ashe sauro yake kora.

"Masu son ya zauna?"

Hannaye suka tashi kamar ana rabon taki. Mutumin nan mai gyaran waya, kun san shi, hannu biyu ya ɗaga, ɗaya riƙe da burodina. Shi fa tun ƙaramar salla nake bin sa kuɗi. Wayar uwargida ta yi wata a shagonsa ta dawo ba ta jin kira, ban ce uffan ba. Ranar sunan ɗansa ni na yi jigilar kujeru. Da na harare shi, cewa ya yi, "Yaya, ba kai kake koya mana ba? A ci kuɗinsu a zaɓi ra'ayi." Wannan jimlar tana shafi na bakwai, ban ma kai wurin ba. Ashe ranar da na kai caji shagonsa ya leƙa takarduna.

Na ce na soke zaɓen, an yi aringizo. Baba ya kurɓi shayi ya ce, "Sannu Maradona." Yanzu har yaran layi haka suke kirana.

Da mai shayi ya kawo lissafi, na ga har da indomi da ƙwai biyu. Na tambayi wa ya ci, aka ce ƙuri'ar sirri ce.